Tayar da garmahon Kawu, daga kaka zuwa yau

2 ga Nuwamba

Yau muka buɗe ɗakin marigayi Kawu, shekara biyu kenan da rasuwarsa ba wanda ya taɓa akwatunan da ke ƙarƙashin gadonsa. Tun ina yaro na san akwai garmaho a ɗakin nan, an lulluɓe shi da wani tsohon zane, amma ban taɓa jin an kunna shi ba. Kawu ya yi aikin reluwe a Legas da Kaduna kafin a dawo da shi nan kusa da gida wajen Ringim, Inna ta ce da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, ya sayi kayan a 1975, wai lokacin duk ma'aikacin da ka gani ko keke ya saya ko babur ko kayan kiɗa.

Abin da na samu: garmaho Pioneer mai bel (robar da ke juya farantin da ake ɗora faifai), amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti ɗan Japan, sifika biyu na katako, manyan faifai 63, ƙanana masu zagaye 45 a minti guda 20, sai wasu huɗu masu nauyi kamar tangaran, na 78. Waɗanda ke cikin adaka a tsaye suke lafiya lau. Na cikin kwali kuwa gara ta shiga ta cinye bangon kusan goma sha biyar, kuma da yake a kwance aka jibge su wasu sun lanƙwashe. Wallahi da na ga ƙasar gara a kan faifan sai da jikina ya yi sanyi.

Kafin in ɗauki ko allura na samu Yaya, babban ɗan Kawu, na ce masa kayan nan gado ne akwai haƙƙin ƙannensa a ciki, a yi musu kuɗi in biya. Ya ce haba ɗauki kawai wa zai yi amfani da su, na ce a'a Yaya a dai yi kuɗi. An tsaya a 40,000, na ba da rabi, sauran in na sayar da riɗi.

5 ga Nuwamba

Na share ɗakina na yi wa kayan wuri nesa da taga. Faifai duk na tsayar da su a tsaye kamar littattafai. Ban jona komai ba.

9 ga Nuwamba

Na ɗaga farantin garmahon na ga bel ɗin ya narke ya zama kamar kwalta, ya manne a jikin ƙarfe. Awa biyu ina gogewa da auduga da sifirit kafin ya fita. Na je kasuwar Gujungu tunda yau Lahadi, na zaga wajen masu kayan rediyo, ba wanda yake da irinsa, wasu yaran ma ba su san me nake nufi ba sai da na nuna hoto a waya. Wani dattijo mai gyara ya ce in yanka tsohon tub na keke siriri in gwada. Na gwada da daddare ina juya farantin da hannu, yana kamawa amma kaurinsa ba ɗaya ba ne, wani wuri faɗi wani wuri siriri. Zan yi maneji da shi kafin in shiga Kano.

Mota zuwa da dawowa 1,600, sifirit da auduga 900.

13 ga Nuwamba

Ranar farko da na ji sauti, kuma ranar da na fara gane aikin nan ba na sati ɗaya ba ne.

Mu nan wutar Nefa sai a yi kwanaki ba a gan ta ba, don haka na aro ƙaramin janareta na maƙwabcinmu mai cajin waya. Motar garmahon, wato injin da ke jan bel, ta juya, alhamdulillahi ba ta mutu ba. Na ɗora wani ƙaramin faifai da ba na jin asararsa, na jona wayar garmaho a bayan amfilifaya a ramin da aka rubuta AUX, sai sauti ya fito can ƙasa-ƙasa kamar sauro, ba kauri ko kaɗan ko da na ƙure murya. Na ɗauka kan allurar ne ya lalace. Sai da na yi karatu a waya na gane laifina ne. Ashe lokacin da ake yanka faifai da gangan ake rage kaurin sauti a ƙara siririn, don layin ya yi ƙanƙanta kiɗa mai yawa ya shiga, to ramin da aka rubuta PHONO shi ne yake mayar da abin yadda yake, kuma ya ɗaga ƙarfin wajen sau ɗari domin abin da allura ke fitarwa ɗan mitsitsi ne. Na mayar PHONO sai ga sauti ya cika ɗaki, amma sifikar hagu kaɗai, ta dama sai wani gurnani buuu.

Na biyu kuma, muryar mawaƙin tana hawa tana sauka kamar mai maye. Wani ɓangare laifin tub ɗin keke ne, amma na lura duk sanda maƙwabci ya jona wani abu janareta ya canja kuka, kiɗan ma sai ya canja. Motar irin wannan garmaho da bugun wuta take tafiya, wutarmu 50 ce a daƙiƙa, in janareta ya yi ƙasa ita ma ta yi ƙasa. Ke nan janareta ya fita daga lissafi.

Fetur 2,000.

20 ga Nuwamba

Na shiga Kano da amfilifaya a buhu. A Sabon Gari na samu wani tsoho mai gyara can cikin lungu, yana buɗewa ya nuna min kafasita huɗu, 'yan gwangwanayen da ke riƙe wuta, da suka kumbura ɗaya har ta yi yoyo. Ya ce shekara hamsin ai sun yi ƙoƙari. Ya canja su, ya fesa mai a maɓallan murya, ya sake liƙa wasu wurare da dalma. Shi ne kuma ya nuna min wata siririyar waya da ke lilo a bayan garmaho a hoton da na ɗauka, ya ce wannan ta ƙasa ce, in ban ɗaura ta a dunƙulen da ke bayan amfilifaya ba gurnani ba zai daina ba. Na samu bel a wajensa, ba na asali ba ne amma ya auna da zaren da na zo da shi, ya yi daidai.

Kafasita da aiki 14,000, bel 4,500, mota da abinci 7,000. Allura bai da ita, ya ce in dawo bayan sati biyu.

23 ga Nuwamba

An gama bugun riɗi. Na cika wa Yaya 20,000 ɗinsa. Yanzu kayan nawa ne halak malak.

27 ga Nuwamba

Wannan ranar ba zan manta da ita ba, na yi ɓarna da hannuna.

Cikin faifan da suka lanƙwashe akwai na ƙungiyar kiɗan rok ta Santana na 1970, wanda abokina malamin sakandare yake ta ɗokin ji tun ranar da ya ga bangon. Na ga ana cewa wai in ka sa faifai tsakanin gilashi biyu ka ajiye a rana zai miƙe. Na ciro gilashin tsohuwar taga biyu na wanke, na sa shi a tsakiya na ɗora bulo, na ajiye a tsakar gida wajen sha ɗaya na safe da niyyar minti goma. Sai aka kira ni wai awaki sun shiga zoɓo, na tafi, ban dawo ba sai bayan azahar. Da na ɗaga gilashin faifan ya miƙe kam, amma layukan gefe sun narke sun baje suna sheƙi, bakin kuma ya yi kamar ganyen kabeji. Waƙoƙin farko na kowane gefe sun tafi har abada.

Na zauna a bakin ƙofa na daɗe ban ce komai ba. Abin nan ya shekara hamsin a ɗaki, gara ba ta ci shi ba, damina ba ta ci shi ba, sai ni. Masu ba da shawarar nan ranar ƙasarsu daban, tamu ko a hunturu ba ta wasa. Sauran shida masu lanƙwasa na sa su tsakanin katako biyu a cikin ɗaki na ɗora buhun gero, ko wata uku za su yi su yi, ba zan ƙara kai faifai rana ba.

30 ga Nuwamba

Wanki. Ruwan rijiyarmu yana barin fari-fari in ya bushe, don haka na sayi ruwan batir, wanda ake ƙarawa ba mai asid ba, na ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya a kwano. Burushi mai laushi, ina bin layi a zagaye ba a gicciye ba, ina kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, in ɗauraye in jingina a kwandon kwanuka a inuwa. Ruwan da ke fita ja wur kamar na kududdufi. Goma na wanke yau. Na 78 ɗin nan huɗu ban sa musu sifirit ba don ba roba ba ne, wani irin ƙaro ne da sifirit ke narkarwa, kuma dama garmahon nan 33 da 45 kawai yake yi, sai dai in adana su.

Ruwan batir jarka biyu 2,400.

4 ga Disamba

Wanki, goma sha biyu.

8 ga Disamba

Na jona a solar gidanmu, faranti ɗaya da batir ɗaya da ƙaramar inbata da muke kallo da ita. Gudu ya daidaita amma ga wani zzzz a sifika, kuma bayan gefe ɗaya na taɓa motar na ji ta yi zafi fiye da kima, na kashe da sauri. Inbatar tamu irin mai arha ce, wutarta a tsittsinke take fita kamar matakala, fitila da talabijin ba ruwansu amma mota da amfilifaya ba sa so. Sai mai fitar da wuta sumul irin ta Nefa, fiyo sayin kamar yadda masu sayarwa ke cewa. Kuɗi kuma.

15 ga Disamba

Kano karo na biyu. Inbata ta hannu mai wat 500, 48,000, sai da na sa aka gwada ta da fanka a gabana na ji ba ta kuka. Allura ta iso, 17,000. Na kuma sayi ɗan sikelin nan na masu gwal 5,500 don auna nauyin hannun garmaho, da na auna na ga yana danna faifai da giram 4 da wani abu, alhali takardar allurar ta ce 2. Na juya dunƙulen baya har ya zo 2 daidai.

Gwajin gudu kuma ba ya buƙatar na'ura. Babban faifai yana zagaye 33 da sulusi a minti, ke nan 100 cif a minti uku. Na manna 'yar farar takarda a bakin faranti, ƙanwata ta riƙe agogon waya ni ina ƙirga. Karo na farko 101, na goge sandar mota da kyau don akwai ragowar tsohon bel a jiki, na ɗiga man keken ɗinki, muka sake, 100. Sai da na yi sujjada.

Jimilla zuwa yau in ban manta wani abu ba 142,900 har da kuɗin gado.

16 ga Disamba

Bayan isha'i na kira Inna na ce ta zo ta ji. Ta zauna a bakin gado ta ce in nemo mata wani mai hoton mutum yana busa ƙaho, bangon ya yi duhu. Na Miles Davis ne mai kiɗan jaz, sunan faifan Kind of Blue, na 1959. Allura na sauka aka ji ɗan ƙas-ƙas, fiyano da babban jita mai kauri suka fara a hankali kamar masu sallama, sai ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Ta ce wannan Kawu yake sawa in ya dawo daga aikin dare a Kaduna, yana shan shayi ba ya magana, ita kuma a lokacin haushi take ji don ba waƙa a ciki. Ta ce ɗan nan bar shi ya ƙare. Muka zauna har gefen ya ƙare, minti ashirin da wani abu, ba wanda ya ce uffan.

Ni gaskiya saboda rok na shiga aikin nan, jita mai ƙara nake so. Ban zaci wannan ne zai fara kama ni ba.

21 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, ƙura ko ta ina. Faifai in ka zaro shi daga riga sai ka ji yana ɗan tartsatsi, yana jan ƙura kamar maganaɗisu saboda bushewar iska, ka wanke jiya yau ya koma. Na liƙe taga da leda, ina yayyafa ruwa a ƙasa kafin in kunna, na ajiye kwano da ruwa a lungu. Ya ragu. Tela ya ɗinka min murfi na atamfa 1,500. Rigunan da gara ta ci na yi musu sababbi da takardar kwali mai santsi.

28 ga Disamba

Yanzu kusan kullum bayan isha'i ɗakina cike yake, kuma musu ya kafu. Baba ya kafa sharaɗi biyu, ba a kunnawa lokacin salla kuma kada sauti ya tsallake katanga, na ce to Baba.

Malamin sakandare shi rok ne kawai. Ya ce jaz kowa nasa yake yi kamar 'yan kasuwa, ba ka san inda aka dosa ba, amma Jimi Hendrix in ya kama jita kai ka san an yi wani abu. Ban musa masa Hendrix ba, mutumin da ya rasu a 1970 yana da shekara 27 amma har yau ana koyon hannunsa. Abin da na ce masa shi ne ya ƙara saurara, jaz ba hargitsi ba ne, akwai uwar waƙa da ake farawa da ita, sai kowa ya fita yawonsa bi da bi ya dawo gida, masu ganga da bes, babban jitan nan mai kauri, suna riƙe da hanya. Ai haka Shata yake yi, amshi na nan ba ya motsi, kalangai na riƙe, shi kuma ya tafi inda ya ga dama ya dawo ya faɗa daidai kan gaɓa. Wanda ya tashi da wannan a kunne bai kamata jaz ya ba shi wuya ba.

Wanda ya raba mu shi ne tsohon makaɗin mahautan garinmu, abokin Kawu ne, ya ji labari ya zo da sandarsa. Na sa masa faifan Art Blakey mai gangar jaz, ya karkata kai yana bugun gwiwa da yatsu, can ya ce wannan ba kiɗa kawai yake ba, magana yake da gangar, yana kira ana amsa masa. Na ce Baba ai mutumin ma ya musulunta, Abdullah Ibn Buhaina ake ce masa, kuma ya taɓa zuwa Afirka ta Yamma. Ya ce ai ka ji.

Sai na sa na Yusef Lateef na 1961, wurin da yake busa wani abu siriri mai kaifi, tsohon ya ɗaga hannu ya ce tsaya, wannan ai algaita ce. Ba ita ba ce, obo sunanta, amma 'yan uwan juna ne don duk biyun da ɗan kara mai baki biyu ake busa su. Abin da ya fi ba ni mamaki da na bincika, mutumin nan ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, har da sarewar Fulani ya nazarta. Shi ma Musulmi ne, kuma bai ma son a kira kiɗansa jaz. Ya rasu a 2013. Mutum ya taso daga Amurka ya zo nan kusa da mu neman sarewar da yaranmu ke busawa a bayan shanu, mu kuma muna ganin ba komai ba ce. Na kwana ina tunanin wannan.

4 ga Janairu

Na rubuta sunayen faifan duka a littafi. Jaz 21, rok na waje 17, na Najeriya da Gana 19, na Hausa 6 har da Ɗan Maraya Jos. Cikin na gida akwai Ofege, yaran makarantar St. Gregory's ta Legas da kamfanin faifai na EMI ya fitar a 1973, da ƙungiyar BLO. Malamin sakandare bai san an yi rok a Najeriya ba, da ya ji jitar yaran nan sai ya miƙe tsaye. Na ce masa ai Legas ta lokacin ba wasa ba ce, a shekarar nan ta 1973 Paul McCartney ya zo ya yi faifai a situdiyon EMI, Ginger Baker mai gangar ƙungiyar Cream ma zama ya yi a can har ya yi aiki da Fela. A ganina faifan gidan nan sun fi na wajen daraja a ɗakin nan, na waje ko yaushe za ka same su a intanet, kuma an buga su da yawa.

9 ga Janairu

Na sa hoton bangon Ofege a wani zaure na WhatsApp na masu tara faifai, kafin awa ɗaya wani daga Legas ya biyo ni ta gefe ya ce zai saya, har ya faɗi kuɗin da ya kusa mayar min da duk abin da na kashe. Na ce ba na sayarwa ba ne. Amma abin ya tsaya min a rai don a 40,000 na karɓi kayan duka ba wanda ya san haka suke. Na je na gaya wa Yaya yadda aka yi, na ce in har wata rana na sayar da ko ɗaya kuɗin na magada ne. Ya ce Allah ya yi albarka, ka riƙe su dai.

A zauren nan kullum musu ake, wai faifai ya fi waya daɗin sauti, wai sai ka sayi waya ta jan ƙarfe mai tsada da amfilifayar miliyan. Ni abin da na gani da kunnena a wata biyu, abin da ya gyara sauti a ɗakin nan wuta mai kyau ce da wanki da allura sabuwa mai nauyi daidai, sai ɗaga sifiku daga ƙasa da na yi na ɗora su a kan bulo na janye su daga bango kamar taku ɗaya. Wannan na ƙarshen ko sisi ban kashe ba kuma ya fi komai tasiri. Faifai kuma yana da ƙas-ƙas, waƙar da ke kusa da tsakiya ba ta kai ta baki tsabta ba, wannan gaskiya ce. Abin da yake da shi, dole ka zauna ka ji gefe guda har ƙarshe ba tsallake.

Wani a zauren ya faɗi abin da na je na tabbatar, tsofaffin bugun Kind of Blue gefen farko yana ɗan sauri kaɗan saboda na'urar ɗaukar ta yi jinkiri ranar, sai a 1992 aka gyara. Ke nan yadda Kawu ya ji shi duk rayuwarsa haka nake jin sa yanzu, na wayata kuma shi ne gyararren. Na gwada su a jere, da kyar na ji bambancin.

14 ga Janairu

Sifikar dama ta fara kakkarwa in bes ya yi ƙarfi. Na cire raga na ga robar da ke zagaye da bakinta ta tsage wajen tsawon yatsa. Na liƙa da siririn ƙyalle da gam na wucin gadi, na rage murya.

18 ga Janairu

Na duba faifan da ke ƙarƙashin buhun gero, biyu sun miƙe har allura na bi ba tsalle, huɗu da saura. Na mayar da su.

25 ga Janairu

Abin da ya rage kafin azumi, don in ya kama zan rufe kayan sai bayan salla. Na farko in kai sifikar dama Kano a canja mata roba, tsohon ya ce a yi duka biyun lokaci ɗaya don kada sautinsu ya bambanta, 12,000. Na biyu ina son in kwashe na Hausa shida da na Najeriya zuwa kwamfuta, malamin sakandare zai aro min tasa, akwai manhajar Audacity kyauta, abin da babu shi ne 'yar na'urar da ke shiga tsakanin amfilifaya da kwamfuta, an ce min wajen 15,000. In zoɓo ya yi kuɗi zan saya. Kafinta zai yi min kanta mai ƙafar ƙarfe da zan riƙa sa wa toka da maganin gara a ƙasa, na ba shi 6,000 kafin alƙalami.

Tsohon makaɗin ya aiko jikansa wai ranar Laraba zai zo da kalangunsa, yana so in sake sa masa mai gangar nan ya bi shi ya ji ko za su haɗu. Na ce a gaya masa ya zo bayan isha'i, batir zai cika in Allah ya yarda.